Awa Biyu Tsakanina da 'Yata

"Mama, Zinhuwe ma daji ta tafi neman itace?"

Zinsu ne ya jefo min tambayar ina durƙushe gaban wata mata da ta zo gwajin riga, da allura a bakina. Matar ta dube ni, ta dubi yaron, ta kawar da kai. A wurinmu ba a cewa ɗan tagwaye ya mutu. Cewa ake ya tafi daji neman itace, sai a sassaƙa ɗan mutum na ice a madadinsa, uwa ta soke shi a ƙugun zaninta, ta riƙa yi masa wanka tana ba shi abinci tare da wanda ya rage. Zinsu ya ga irinsa a ƙugun mai sayar da kifin layinmu, ya tambaya, an faɗa masa.

Na zare allurar. "Tofar da yawun nan. 'Yar'uwarka tana Libreville wurin Goggo Mahusi, lafiyarta ƙalau. Sau nawa zan faɗa maka?"

"Da nisa?"

"Awa biyu ce a jirgi."

Ya hau lanƙwasa yatsu. Shekararsa bakwai, ya fara sanin lissafi. "Amma gidan Kaka a Sabalu awa huɗu ne a mota, kuma muna zuwa. Me ya sa ba ma zuwa mai biyun?"

Matar ta ce, "Uwar biyu, bari na dawo gobe," ta cire rigar ta fita. Daidai lokacin wani jirgi ya taso, kwanon rufin shagon ya hau rawa kamar kullum. A unguwar Fijirose muke, bayan katangar filin jirgin Kwatano. Duk jirgin da zai bar ƙasar nan sai ya bi ta kanmu. Shekara uku ke nan ina ɗaga kai.

Ga yadda abin ya faru. Mahusi yayar mijina ce, tana da shagon atamfa a Libreville ta ƙasar Gabon. Ta zo gida hutu lokacin tagwayena suna da shekara huɗu, ta kwana biyu a gidanmu, a rana ta uku ta ce za ta tafi da macen ta sa ta a makaranta mai kyau. Na dubi mijina Sesinu. Shi kuwa ƙasa yake kallo. Yayar uba a gidajenmu ba a yi mata musu. Ita ke zuba wa kakanni ruwa, ita ke sa albarka, bakinta ake tsoro. Surukata ta ce, "Goggo ai uba ce mai ɗaura zani. 'Yar ƙaninta 'yarta ce. Ba bare za a ba ba."

Na ce, "Iya, tagwaye ne fa. Raba su za a yi?"

"To a tambaye su mana. Su ne masu kansu."

Haka ake yi. Tagwaye ba a yanke musu hukunci, ana cewa da nasu sanin suke zuwa duniya. Aka dafa wake da manja, aka shimfiɗa musu tabarma, suka ci suka ƙoshi. Mahusi ta durƙusa ta ce, "Zinhuwe, kina son shiga jirgin sama?" Yarinyar da kullum take ɗaga wa jirage hannu a ƙofar shago! Ta yi tsalle ta ce tana so. Zinsu yana suɗe kwano. Mata suka yi guɗa, wai tagwaye sun yarda.

Na ja Mahusi gefe na ce mata ina jin nisan. Ta yi dariya har tana dafa kafaɗata. "Wane nisa, ƙanwata? Ɗora waken nan a wuta lokacin da muka tashi, kafin ya nuna mun sauka. Garin Paraku na nan ƙasarmu ma, in a mota ne, ya fi Libreville nisa, sai dai in ba ki san duniya ba. Kowane hutu za ki gan ta." Sesinu ya duba wayarsa ya nuna min: kilomita dubu ɗaya da 'yan kai, layi miƙaƙƙe a kan teku. Ni tela ce, na yarda da awo. Abin da aka auna aka rubuta ba na gardama da shi.

Sai maganar takarda. Mahusi ta ce fitar da ɗan wani daga ƙasa wahala ce, izinin uwa, izinin uba, hatimi nan hatimi can, kuma a Gabon ba za su ba yarinyar takardar zama da sauƙi ba sai in 'yar cikinta ce. Ta san wani mutum da ya san hanya. Cikin sati biyu ya kawo sabuwar takardar haihuwa: suna Benedikta, uwa Mahusi, uba mijin Mahusi. Da ita aka yi fasfo. Na ga takardar da idona, na riƙe ta a hannuna. Na ce, "Yaya, babu sunana a ciki."

"Takarda ce ta haife ta ko ke? Ta turawa ce kawai, don a wuce ƙofa. Kowa a gidan nan ya san cikin da ta fito."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Hutun farko ba su zo ba, wai kasuwa ta buɗe. Na biyu, wai yarinya na jarrabawa. Wace jarrabawa ce a shekara biyar? Da farko muna ganinta a waya duk Lahadi. Daga baya sai in kira a ce tana wanka, tana barci, ta je coci. In an ba ta, sai ta yi ta kallon gefe tana amsa min da Faransanci, e, a'a, e.

Ni kuwa ban fasa abin da ya wajaba a kaina ba. Duk abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗayan, wannan kowace uwar biyu ta sani. In na yanka wa Zinsu riga, daga atamfar nan zan yanka wa Zinhuwe tata. Da yake ba ni da awonta, sai in auna shi in rage kaɗan a kafaɗa in ƙara a tsawo. In goge, in ninke, in sa a akwati. Ranar da Zinsu ya yi min wannan tambaya akwai riga tara a ciki, ba wadda ta taɓa jikinta.

Da Sesinu ya dawo cin abincin rana, ya jingine babur, ya rataye rigarsa ruwan ɗorawa ta 'yan acaɓa, na ce masa zan je na ɗauko 'yata.

"Ki bari zuwa Kirsimeti. Yaya ta ce za su zo."

"Baban biyu, Kirsimeti na nawa ke nan?"

"So kike ki haɗa ni da ita?"

"Ɗanka yau ya tambaye ni ko 'yar'uwarsa ta tafi daji. A gaban mutane."

Ya tsayar da lomarsa. Can ya ce, "To ki je ki gan ta. Amma kada ki je min da faɗa."

Awa biyun nan sai da ta ci min wata biyar kafin na taka matakalar jirgi. Fasfo, biza, takardar allurar rigakafi, takardar wanda zai sauke ni, wadda Mahusi ta ja sati shida kafin ta aiko. Keken ɗinkina biyu, na sayar da mai kyan. Duk wannan babu shi a layin da na gani a waya.

Ranar tafiya na sa agogo a hannu don in gani da idona. Da muka tashi na hango rufin shagona, na gane shi da tsohuwar tayar da muka danne kwanon da ita. Daga nan sai ruwa. Aka kawo burodi da lemo, ban gama tauna ba aka ce a ɗaura ɗamara za mu sauka. Awa ɗaya da minti hamsin. Matar da ke kusa da ni ta ga ina hawaye ta ce, "Kada ki ji tsoro, mun iso." Ba tsoro ba ne. Haushi ne. Wake ma da bai nuna ba.

Na sami Mahusi a shagonta cikin babbar kasuwa, ta ƙara ƙiba, zobe a kowane yatsa.

"Ikon Allah! Uwar biyu a jirgin sama! Wa ya nuna miki ƙofar shiga? Ba ki yi musu amai ba dai ko?"

"Sannu Yaya. Ina take?"

"Ko ruwa ba ki sha ba. Benedikta! Zo ki gaida baƙuwa."

Ta fito daga bayan tarin atamfa da kayan makaranta a jikinta, da biro a hannu. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi min kyau ba: a jirgi na shirya zuciyata in same ta a rame, da tiren talla a ka, da shaidar bulala. Da haka na same ta, da na san abin da zan yi da bakina. Sai na ga yarinya fes, kumatu cike, kitso sabo, takalmi mai igiya. Haƙorinta na sama ɗaya ya fita, daidai wanda ya fita a bakin Zinsu sati biyu da suka wuce. Ta ɗan rusuna ta miƙo min hannu kamar an kawo sabuwar malama.

Na rungume ta. Ta tsaya ƙiƙam har na gaji na sake ta.

A gida na buɗe akwati na fito da rigunan. Shida sun yi mata kaɗan, wannan na sani. Ukun ƙarshe na sa wa rai. Ɗaya ta ƙi wuce kafaɗa, ɗaya ta tsaya a saman gwiwa, ɗaya ta shige ta amma hannun ya shaƙe ta. Ashe ta fi Zinsu girma. Shekara uku ina ragewa inda ya kamata in ƙara. Mahusi tana kan kujera tana ɓare gyaɗa.

"Ai da kin tambaye ni awonta. Nan ba sa sa irin wannan ɗinkin ma, dariya za a yi mata a makaranta."

Na ciro tef ɗina daga jaka na auna yarinyar, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo, na rubuta a bayan tikitina. Tana ta ƙyalƙyala dariya wai ina yi mata cakulkuli. Wannan ce dariya ɗaya da na samu.

A rana ta huɗu na ce, "Yaya, na gode da riƙo. Da ita zan koma."

Ba ta ko ɗago ba. "Makaranta ba ta yi hutu ba."

"Akwai makaranta a Kwatano."

"Wacce? Mai ɗalibi tamanin a aji? Ke dubi yarinyar nan da kyau. Me ta rasa?"

"Ɗan'uwanta. Da ni."

Sai ta ajiye kwanon gyaɗar, ta kira ni da sunana. "Sedami, shekara goma sha shida ina gidan miji, ko ɓari ban taɓa yi ba. Ke kin shiga ɗaki sau ɗaya kin fito da biyu. Na ɗauki ɗaya, na bar miki ɗaya, namijin ma. Wa ya kwana da ita a asibiti da ta yi ƙyanda? Wa ya koya mata rubuta sunanta?"

"Wane sunan?"

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ɗauka kuka za ta yi, don muryarta ta karye, kuma wallahi a lokacin na ji tausayinta. Sai ga ta da fasfon yarinyar, ta jefa min a cinya. "Ga shi. Ba za a ce na hana uwa 'yarta ba. Ku tafi, in sun bar ku."

Ban tsaya auna maganar ba. Na ɗauka na ci nasara. Na yanka wa yarinyar tikiti, na ce mata za mu je ta ga Zinsu. Ta ce, "Yaron cikin waya?" Na ce e, shi. Jirgi dai har yanzu tana sonsa, ta bi ni da murna.

Da hantsi muka isa filin jirgi. An karɓi kayanmu, an ba mu takardar shiga. Ta gilashi ina hango jirgin a tsaye, ana zuba masa mai. Saura tebur ɗaya, na masu duba fasfo. Wata jami'a ce, mai furfura kaɗan a goshi. Ta buga wa nawa hatimi. Ta buɗe na yarinyar, ta nemi takardar haihuwa, na miƙa wadda Mahusi ta haɗo da fasfon.

"Ke ce Mahusi?"

"A'a, ranki ya daɗe. Yayar mijina ce. Ni ce na haifi yarinyar."

"Nan an rubuta Mahusi ce uwarta. Ina takardar da ta ba ki izinin fita da ita?"

Na yi murmushi, don na zo da shirina. Na zaro takardar gaskiya, ta asibitin da na haihu, mai sunana da na Sesinu, da Zinhuwe, har da inda aka rubuta tagwaye ne. Na shimfiɗa mata. Ta jera takardun biyu tana duban wannan tana duban waccan, fuskarta tana canzawa.

"Yarinya ɗaya, suna biyu, uwa biyu, ranar haihuwa biyu. Baiwar Allah, kin san abin da kika ajiye min a tebur?"

Aka kai mu wani ɗan ofis. Ba ta yi min tsawa ba, har kujera ta ba ni. Ta ce yara da yawa daga ƙasashenmu ake shigowa da su a fita da su da irin waɗannan takardu, aikinta ke nan ta tsayar. Sai ta durƙusa gaban 'yata ta tambaye ta da Faransanci, a hankali, yadda ni ma zan ji.

"Yaya sunanki?"

"Benedikta."

"Ina mamanki?"

"Tana kasuwa."

"Wannan fa, wace ce?"

Yarinyar ta juyo ta dube ni. Ba ƙiyayya a idonta, ba komai. So take kawai ta ba da amsa daidai, kamar a aji.

"Maman Zinsu ce."

Ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka koya mata ke nan, kuma ni Maman Zinsu ce.

Aka kira Mahusi a waya. Kafin ta iso, jami'ar ta rufe ƙofa ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Ina da 'ya'ya. Na ga haƙoranku, na ga goshinku, na san abin da na gani. Amma ni da takarda nake aiki. In kin tsaya a kan cewa ta Mahusi ta bogi ce, dole in rubuta. Za a tsare ta, a tsare ki, tunda da saninki aka yi. Yarinya kuma za a kai ta gidan ajiye yara har kotu ta gama, wata shida, shekara, ban sani ba. In kuwa kin ce kuskure kika yi, kin manta takardar izini, sai ta koma inda ta kwana jiya, ke ki hau jirginki, ki je ki warware abin daga inda aka ƙulla shi."

Na dubi Zinhuwe. Tana zaune tana kaɗa ƙafa, takalminta mai igiya ɗaya ya kwance. Na tuna yadda take tsoron kwana ita kaɗai tun tana jaririya, sai ta ji ƙafar Zinsu a jikinta. Gidan ajiye yara, a ƙasar da ba ni da kowa. Na durƙusa na ɗaure mata igiyar.

Na ce, "Mantawa na yi, ranki ya daɗe."

Mahusi ta shigo tana haki, ta ɗauki yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ƙatuwa da ita. Jami'ar ta ce mata in ta yarda, ga biro, ta rubuta izini yanzu a wuce wurin. Mahusi ta ce, "Makaranta ba ta yi hutu ba." A bakin ƙofa ta juyo ta ce min da harshenmu, "Ki gaida Iya. Kirsimeti muna nan zuwa." Zinhuwe tana kuka, amma jirgin take nunawa.

Kujerar da ke gefena ba kowa har Kwatano. Awa ɗaya da minti hamsin da biyar, na duba.

A waje na tarar da Sesinu da Zinsu. An sa wa yaron rigarsa ta atamfar ƙarshe, don su yi anko da 'yar'uwarsa. Ayaba biyu ce a hannunsa. Ya leƙa bayana, ya leƙa bayan mai tura kaya, ya jira har ƙofar ta daina fitar da mutane. Sannan ya miƙo min ayaba ɗayar.

Yau wata takwas. Na je inda ake warware irin wannan, sun ce sai an soke takardar bogi a gaban alƙali, sai uban yarinya ya tsaya ya ce yayarsa ta yi ƙarya. Sesinu ya ce in ba shi lokaci. Mutumin da ya san hanya kuwa ba wanda ya san hanyar gidansa yanzu. Kirsimeti ta zo ta wuce. Surukata ta zo daga Sabalu ta ga yadda Zinsu ya rame, ta kira ni gefe ta ce ko za a sassaƙa masa ɗan ice ya riƙa riƙewa, ba wai don wani abu ba, don dai hankalinsa ya kwanta. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce 'yata ba ta je daji ba, na san inda take, na san lambar gidan, kuma duk wanda ya shigo min da ice gidan nan da shi zan hura wuta.

Awon da na rubuta a bayan tikiti na yi riga biyu da shi. Yanzu shi ma ya tsufa, na koma kintace.

Ke da kike karanta wannan da ɗa a cinya: in sun zo miki, ba da faɗa za su zo ba. 'Yan'uwa ne, da tsaraba, da dariya, kuma abin da za su faɗa gaskiya ne, awa biyu ce, na auna da agogona. Kada ki tsaya gardamar nisa, za su kayar da ke. Takardar za ki nema. Ki karanta ta da kanki, in ba ki iya ba ki kai wa wanda ba danginku ba ya karanta miki. In babu sunanki a inda aka rubuta uwa, kada ki saki hannun yaron nan, ko da zuwa bakin titi ne.